Ku Tambayi Kawu: Izinin dron ɗina ya ƙare ga biki a gaba, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki, ya iyali ya zafi. Ni matashi ne a nan Garwa ta Kamaru sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, kuma kasan yanzu in babu hoton sama mutane gani suke baka yi aiki ba, shi yasa na tara kuɗi na sayi dron wato ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara na bi hanya har na samu otorizasiyon wato izinin tashi a cikin gari. To wallahi ban lura ba ashe kwanan watan da ke jikin takardar ya wuce, sai da wani jami'in tsaro ya tare ni a wajen wani kamu ya karanta ya nuna min da yatsa, Allah ya taimake ni mutumin kirki ne ya ce in naɗe kayana in tafi. Yanzu ga wani babban ɗaurin aure nan da sati biyu har na karɓi rabin kuɗi, wani abokina yace akwai wanda zai gyara min kwanan watan a kwamfuta ba mai ganewa, wani kuma yace ai tunda an taɓa bani ba komai in ci gaba da aiki kafin sabuwa ta fito. Dan Allah Kawu ka bani shawara kaina ya kulle. Daga ɗanka a Garwa.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗana. Bari in fara da abokin naka na farko don maganarsa ce ta fi ɗaga min hankali. Kar ka kuskura. Takardar da ta ƙare in an kama ka da ita sakaci za a ce ka yi, amma wadda aka taɓa kwanan watanta jabu ce, kuma jabu a takardar hukuma magana ce ta kotu da gidan yari, ba ta haƙuri da ban baki ba. Takardar nan tana da lamba, lambar tana cikin rajistar ofishin da ya bayar, waya ɗaya za a buga asiri ya tonu, sannan ko ka fita daga wannan sunanka ya ɓaci a wurin mutanen da gobe su ne za su sa maka hannu.

Na biyun shi ma bai yi daidai ba, amma na san inda tunaninsa ya fito. Mutane suna cakuɗa abu uku wuri ɗaya. Kamar mota ne, akwai farmi wato lasisin direba, akwai takardar ita motar, sannan akwai izinin shiga wata hanya da aka sa wa shinge. A harkar dron akwai shaidar cewa kai ka iya tuƙi, akwai rajistar shi jirgin da lambarsa, akwai kuma izinin sararin sama, wato an yarda ka tashi a wuri kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, kar ka wuce tsayi kaza. Wannan na ukun shine ya fi saurin mutuwa kuma shine aka fi mantawa da shi. Ranar da kwanan watansa ya cika ya mutu ke nan, babu wani alfarma na kwana biyu, kuma miƙa dosiye wato takardun neman sabuntawa ba ya tayar da shi.

Me yasa ba za su bayar sau ɗaya a huta ba? Saboda wanda ya sa maka hannu yanayin sama na wancan lokacin ya duba, kuma yanayin canjawa yake yi. A watannin da suka wuce ana iya ƙara jiragen fasinja, ana iya canja hanyar da suke bi wajen sauka, lokacin jigilar alhazai ya zo jirage manya suna tashi daga Garwa a sa'o'in da ba a saba ba, sojoji su shiga atisaye, ko wani babban baƙo ya zo a rufe sama baki ɗaya. Irin wannan sanarwa ce matuƙa jirgi suke kira NOTAM, kuma ko izininka na da rai in ta fito ta rufe wuri to ta rufe. Ka tuna kuma filin jirgin Garwa ba a daji yake ba, a jikin gari yake, ga sansanin sojan sama a manne da shi, a can ne ma Amurka ta sauke sojoji kusan 300 da jirage marasa matuƙi daga watan Oktoba 2015 don leƙen asirin Boko Haram. Sannan a harin da aka kai wa sojojin Kamaru a Wulgo ta jihar Borno cikin Maris 2025 rahotanni sun ce maharan sun yi amfani da dron masu ɗauke da bam. To kaga jami'in da ya hango abu yana shawagi a saman unguwa ba amarya yake tunani ba, abin da zai raba ka da zargi shine takarda mai rai a hannunka.

Wani zai ce ɗan wannan abu da bai kai kilo ɗaya ba me zai yi wa jirgi. Batirinsa da injinansa ƙarfe ne mai tauri, in ya shiga injin jirgi ko ya daki gilashin gaba a lokacin sauka ba wasa bane. Ko bai taɓa komai ba ma ganinsa kaɗai ya isa a tsayar da aiki, a filin jirgin Gatwick na Ingila a Disamba 2018 rahoton ganin dron ya sa an soke ko an karkatar da jirage kusan 1,000, fasinja wajen 140,000 suka maƙale ana gab da Kirsimeti.

Yanzu ga abin yi. Ka san waye da waye a harkar tukuna don kar ka yi ta yawo ofis ofis. A Kamaru hukumar kula da jiragen sama ta farar hula, CCAA, mai hedikwata a Yawunde, ita ce mai dokar. Masu kula da zirga-zirgar jirage a sama, mutanen hasumiya, 'yan ASECNA ne, hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka da dama da aka kafa a 1959 mai mazauni a Dakar. Su ADC kuwa, kamfanin filayen jiragen saman Kamaru, filin jirgin ne a hannunsu, ginin da harabar. Sannan ga hukumomin gari, sufurfe wato shugaban gunduma da jandarma da 'yan sanda, waɗanda ko da takardarka ta Yawunde tana aljihu ni dai ina ganin wauta ce ka tashi dron a taron jama'a baka sanar da su ba. In kuwa wurin ya shafi ƙofar fada ne ko hawan sallah, ka je ka gaida mutanen Lamido ka nemi yardarsu, wannan ladabi ne ba sai doka ta faɗa maka ba.

Ka ɗauki sabuntawa a matsayin sabuwar nema, kar ka ce ai sun sanni. Ka rubuta takardar buƙata ka haɗa kwafin tsohon izinin da katin shaidarka da takardun sana'arka da na inshora, ka rubuta sunan dron ɗin da nauyinsa da lambarsa (ka cire batiri ka leƙa cikin ramin, yawanci a nan ɗan farin lakabin yake, ka kwafe harafi harafi don sifiri da harafin O suna yaudarar ido). Abin da matasa suka fi yin kasala a kai shine wurin tashi, sai mutum ya rubuta "cikin garin Garwa" ya sa aya. Ina, wanda zai duba dosiyen so yake ya ga taswira, ka buɗe Google Maps ka danna kan gidan bikin ka riƙe lambobin wurin su fito, ka zagaye iyakar inda za ka yi shawagi, ka faɗi tsayin da kake so da ranaku da sa'o'i da lambar wayar da za a same ka a take in hasumiya tana son ka sauka. Kuma kar ka nemi mita 120 alhali hoton layin motocin ango a mita 30 ko 40 ya fi kyau, wanda ya nemi kaɗan a ƙaramin wuri ya fi sauƙin a ce masa to. In kana ajiye littafin tashi, rana da wuri da minti nawa da ko an samu matsala, ka haɗa kwafinsa, shine shaidar cewa izinin farko baka yi wasa da shi ba. In baka ajiyewa manhajar da ke wayarka tana riƙe tarihin, ka kwafo daga can ka fara daga yau.

Da ka miƙa ka karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata, ka adana, amma ka sani rasit shaidar an karɓa ce kawai ba izinin tashi ba.

Batun bikin nan kuwa ɗana, ka je yau ba gobe ba ka sami iyayen biki ka faɗa musu gaskiya, cewa ka kai takarda amma baka da tabbacin za ta fito kafin ranar. In akwai abokin sana'a mai izini mai rai wanda ya ƙunshi wannan unguwar ka ɗauke shi ku raba kuɗin, da sharaɗin shi zai riƙe rimot da hannunsa da jirginsa, ba ya ara maka takarda ba. In babu, ka hau bene ko ka ɗaura kyamara a doguwar sanda ka rage musu kuɗin hoton sama. Za su yi ƙorafi, amma ya fi a ƙwace maka kaya a gaban baƙi. Kuma ranar da sabuwar ta fito, kafin ka sa ta a leda, ka sa wa wayarka ƙararrawa wata biyu kafin ƙarewarta.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere ina koyon aikin taswira, ina yawan kallon 'yan Amurka a YouTube sai in ga mutum ya danna waya cikin minti ɗaya an bashi izinin tashi kusa da filin jirgi. Wai su basa sabuntawa ne? Kuma in na yi jarrabawarsu ta intanet zata yi min aiki a nan?

AMSA: Suna sabuntawa ɗana, har sun fi mu yawan kwanan watan da suke bi, bidiyon ne baya nuna maka wannan ɓangaren. Dokarsu ta masu tuƙa dron don neman kuɗi, Part 107, ta fara aiki ranar 29 ga Agusta 2016 a ƙarƙashin hukumarsu ta jiragen sama, FAA. Sai ka kai shekara 16, ka ci jarrabawa mai tambaya 60 da aƙalla kashi 70 cikin ɗari, jirgin kar ya kai fam 55 wato wajen kilo 25, kar ka wuce ƙafa 400 wato kusan mita 120, kuma idonka na kansa. Lasisin kansa baya mutuwa amma duk wata 24 dole ka sake kwas na tunatarwa, wanda tun 2021 ya koma kyauta ta intanet, in baka yi ba baka da ikon tashi don kasuwanci ko da katin na aljihunka. Rajistar jirgin dala 5 ce kuma shekara uku take yi. Kaga agogo biyu ke nan tun ba a zo maganar sama ba.

Abin da ka gani ana dannawa a waya sunansa LAANC, an baza shi a faɗin ƙasar a 2018. Yadda yake aiki ya burge ni ƙwarai. Sun yanka sararin da ke kewaye da filayen jiragensu gida gida a kan taswira, kowane gida an rubuta masa iyakar tsayi tun da wuri, wani ƙafa 400, wani 200, wani 50, wanda ke bakin titin saukar jirgi kuma sifiri. In abin da ka nema bai wuce lambar gidan ba kwamfuta ce take amsa maka nan take tunda mutanen hasumiya sun riga sun yi tunanin, in kuma kana son ka haura lambar sai ka nema aƙalla awa 72 kafin lokacin mutum ya zauna ya duba. Ana iya nema tun kwana 90 kafin ranar aiki. Amma izinin na wannan wurin ne da waɗannan sa'o'in, gobe in za ka koma sai ka sake nema. Filayen da basa cikin tsarin kuma sai ka bi ta shafinsu na DroneZone ka cike da hannu ka jira, ita ma takardar da za ta fito da ranar ƙarewarta a jiki. Kuma ko kana da izinin, in an sa dokar hana tashi ta ɗan lokaci saboda shugaban ƙasa ko gobarar daji ko babban wasa a filin ƙwallo, izininka ya kwanta.

Akwai wata ƙa'idarsu da nake so duk mai dron a arewa ya ara ko ba a tilasta masa ba, ba a tashi sai ana iya hangen mil uku, kusan kilomita biyar. Ka tuna yadda hazo yake rufe Garwa da Marwa a Janairu har jiragen fasinja su kasa sauka, a irin wannan rana dron ɗinka yana yin nisa kaɗan ya ɓace maka, kuma matuƙin helikwafta ba zai gan shi ba sai ya zo kansa.

Jarrabawar tasu kuwa ta farko ba a gida ake yinta ba, a cibiyar jarrabawa ake zama. Karatun zai amfane ka sosai, musamman karanta taswirar sama da yanayi, amma takardar FAA a sararin Amurka take aiki. Ni burina in ga ranar da za a yanka sararin Garwa da Marwa-Salak da Ngaundere gida gida haka, don yaranmu da yawa ba taurin kai ke sa su tashi ba izini ba, rashin sanin inda aka yarda da inda aka hana ne.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni a Kusiri nake, izinina na Kamaru yana nan da ransa sai ƙarshen shekara. Wani ɗan kasuwa a Injamena yana so in ɗaukar masa sabon gininsa da ke kusa da kogi, nace ko in tsaya ta ɓangarenmu in tura dron ɗin ya haye ya ɗauko ya dawo tunda ni ban taka ƙasarsu ba?

AMSA: Lafiya lau ɗana, amma wannan dabara ka bar ta. Ba inda ƙafarka take ake dubawa ba, inda jirgin yake ake dubawa. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 aka amince kowace ƙasa ita ke da iko da saman ƙasarta, kuma sashe na 8 ya ambaci jirgi maras matuƙi ƙarara, ba zai ratsa saman wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga gare ta. Da dron ɗinka ya wuce tsakiyar ruwa ya shiga hannun Cadi, can kuma hukumarsu ADAC ce da jami'an tsaronsu, takardar Yawunde ba ta da ta cewa. Kai da kake Kusiri ka fi ni sanin abin da ke bakin kogin Shari ta wancan gefen, fadar shugaban ƙasa na nan, filin jirgin Hassan Djamous da sansanin soja ba nisa, jirage ma kana ganinsu ƙasa ƙasa ta samanku in za su sauka. Wuri ne mai tsauri ƙwarai. Shi mai ginin ya nemi izini a can da sunan aikinsa, in ya samu ka haye gadar Ngeli da kayanka a fili ka nuna wa kwastan, ko kuma ka haɗa shi da ɗan Cadi mai takarda ka karɓi ladan haɗawa.

Ka kuma ciro naka izinin ka sake karantawa, don ba mamaki an rubuta maka iyaka game da bakin iyakar da kusancin filin jirgin Injamena ko da kana cikin Kamaru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, 'yarka ce daga Yagwa. Ina aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafa, muna amfani da dron wajen auna gonaki da duba inda ruwa ya ci tun bayan ambaliyar 2024. Izininmu saura wata uku, amma tsohon dron ɗin ya faɗa ruwa mun sayi wani babba, yaron da ke tuƙawa shi ma ya tafi Duwala mun ɗauki wani, kuma bana muna so mu ƙara da gonakin wajen Maga. Mu jira lokacin sabuntawa sai mu faɗa musu gaba ɗaya?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yata, Allah ya yi wa aikin nan naku albarka, irinsa ne yake sa in ji daɗin kare wannan sana'a a gaban masu ganin wasan yara ce. Kar ku jira. Ki ɗauko takardar ki duba abin da aka rubuta a ciki, in lambar tsohon jirgin ce da sunan yaron da ya tafi da gonakin Yagwa, to abu uku cikin abin da aka ba izini a kansu sun canja, kwanan watan kawai ya rage. Wata ukun nan na jirgin da ke ƙarƙashin ruwa ne. Babban jirgi kuma ba a kallonsa kamar ƙarami, nauyi na canja irin haɗarin da irin sharuɗɗan, balle in wata rana kuka ce za ku yi feshin magani da shi, wannan wani babi ne daban da sai an faɗe shi a takarda.

Ku rubuta yanzu, dosiye ɗaya, ku ce kuna neman gyara da sabuntawa tare, ku faɗi yadda tsohon ya faɗi da ranar da wurin ba ɓoye-ɓoye, ku sa takardun sabon yaron da rasit ɗin sabon jirgin da taswirar Maga da madatsar ruwan a jiki. Ku sanar da kamfanin inshora shi ma, don in lambar da ke takardarsu ta tsohon ce ba za su biya ko sisi ba in sabon ya faɗo kan wani. Tunda aikinku ya fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da kogin Logon yake cika, ku roƙi a daidaita muku kwanakin yadda ƙarewar za ta faɗo a rani lokacin da hanya take a bushe kuma aiki ya yi sauƙi. Kafin amsa ta zo, sabon yaron ya zauna ya haddace taswirar gonakin ya kuma fara rubuta littafin tashinsa tun daga shafin farko.